Kafin a Fassara Mafarkin Bazamfare, a Tambaye Shi Inda Ya Kwana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai albarka in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake fassara wa mutanenmu na Zamfara mafarkinsu a 'yan shekarun nan. Ni malamar asibiti ce da ta ajiye aiki. Yawancin aikina a ƙasar Anka na yi shi, yanzu ina zaune a Gusau, kuma gidana cike yake da dangin da suka baro ƙauye ba da son ransu ba saboda 'yan bindiga, haka ma gidajen maƙwabtana.

Fassarar mafarki ta zama sana'a. Ana yin ta a rediyo, ana yin ta a Facebook da TikTok, akwai ma masu karɓar kira a waya bayan an tura musu kati. Mace za ta kira ta ce kullum tana ganin mutane marasa fuska suna bin ta, ƙafafunta sun yi nauyi ta kasa gudu. Kafin ta rufe baki an yanke mata hukunci: sammu ne, ko namijin dare, ko akwai wata a dangin miji da ba ta son ta da alheri. Ba mai ce mata, baiwar Allah, daga wane gari kike kira? Da an tambaya, wataƙila ta ce daga Zurmi, ko Maradun, ko Ɗansadau. Mutanen da rawani ya rufe wa fuska ba a barci ta fara ganin su ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne, kuma mutane kan biyo shi da mafarkinsu bayan sallar asuba. Muna yara muna jiyo su daga cikin gida. Ban taɓa jin ya fara da fassara ba. Da tambaya yake farawa, da irin harshenmu: "Mi kac ci da dare? Wa kag gani jiya? Akwai masassara jikinka? Mi ka damunka kwanan ga?" Mutum zai yi ta kawo bayani, bashin da ake bin sa, saniyar da ta ɓace, ɗiyar da za a aurar ba a haɗa kayan ɗaki ba. Sau da yawa Baba kan ce, "Wanga zancen zuci na, ba na fassara ba na. Tashi ka tahi gona, Allah shi yaye." Mutumin ya ce, "Na gode, Allah gafarta Malam," ya fita da sauƙin rai, bai ba da ko kwabo ba. Kaɗan ne mafarkin da Baba ke yin shiru a kansa, ya ce a dawo gobe.

Ba daga kansa ya ƙago wannan ba. Imamu Muslim ya ruwaito ta hanyar Muhammad Ibn Sirin, daga Abu Huraira, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasa mafarki gida uku: mafarki nagari wanda bushara ce daga Allah, da mafarkin baƙanta rai daga Shaiɗan, da mafarkin abin da mutum ke zantawa da zuciyarsa. Kashi na ukun nan shi ne masu fassarar waya suka share daga littafinsu, don ba ya kawo kuɗi kuma ba ya tara 'yan kallo. Alhali a ƙasar da aka yi fiye da shekara goma ana kashe mutane a gonakinsu, ana kwashe su a kan hanya, me zuciya za ta zanta da mai ita da dare in ba wannan ba?

Duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta kan babin mafarki, inda aka ce bai kamata wanda ba shi da ilimin mafarki ya fassara shi ba. An tambayi Imamu Malik ko kowa na iya fassara mafarki, ya ce, shin da annabci ake wasa? Ana kuma ba da labarin mutum biyu da suka zo wa Ibn Sirin, kowannensu ya yi mafarki yana kiran salla. Ya ce wa na farko zai yi aikin hajji, ya ce wa na biyu ɓarawo ne. Da almajiransa suka yi mamaki, sai ya ce ya duba halin kowannensu ne, ya ɗauki na farko a kan ayar da aka umurci Annabi Ibrahim ya yi shelar hajji, na biyu kuma a kan ayar Suratu Yusuf inda mai shela ya kira ayari ɓarayi. Mafarki ɗaya, fassara biyu, saboda mutanen ba ɗaya ba ne. To ina wanda bai ga fuskarka ba, bai san garinku ba, muryarka kawai ya ji na minti ɗaya?

Bari in kawo abin da na gani a ɗakina. Akwai jikan yayata, yaro ɗan shekara tara, da suka taso daga wani ƙauye a yammacin Anka. Kusan kowane dare sai ya farka da kururuwa, jiƙe da gumi. Da ƙyar na lallashe shi ya gaya mini abin da yake gani. Ya ce, "Inna, tumakinmu ne suke dawowa." Amma kowace tunkiya ido ɗaya gare ta a tsakiyar goshi, idon kuma yana haske har ya kashe masa ido. In sun buɗe baki ba kukan tumaki suke yi ba, ruri suke yi. Suna zagaya shi, shi kuma yana nutsewa cikin gero, geron yana shiga bakinsa da hancinsa.

Uwar yaron ta riga ta kai maganar wurin wani, an ce mata dabba mai ido ɗaya aljani ne, ya biyo yaron daga daji, sai an yanka baƙar akuya an haɗa da turare kala kaza. Matar da ta fito da zane ɗaya a jikinta ake gaya wa haka. Tana shirin sayar da tukunyar da aka ba ta sadaka na zaunar da ita, na ce ta ba ni labarin daren da suka gudu, daga farko. Ashe da ta ji harbi, ɗaukar yaron ta yi ta jefa shi cikin rumbu ta mayar da murfi. Daga wata 'yar kafa ya riƙa hango fitilun babura suna zagaya gidan. A daren aka kore tumakinsu kaf. Babu abu ɗaya a mafarkin nan da yaron bai gani da idonsa ba: fitilar babur guda ɗaya ce, rurin na inji ne, geron na rumbun ubansa ne. Barci ya ɗauki abin da ya fi so, wato tumakin da yake kiwo, da abin da ya fi tsoro, ya haɗe su jiki ɗaya.

Sai kuma na lura kusan lokaci ɗaya yake farkawa, gab da kiran sallar farko. Bayan bangon ɗakin da yake kwana akwai wani saurayi ɗan kabu-kabu da ke tayar da babur ɗinsa a daidai wannan lokaci ya bar shi yana ɗumama. Na same shi na ce, "Ɗan nan, don Allah ka riƙa tura mashin ɗin nan zuwa bakin layi kafin ka tayar." Ya ce, "Hajiya, wallahi ban sani ba," kuma bai sake ba, Allah ya yi masa albarka. Na mayar da shimfiɗar yaron ɗakin ciki kusa da uwarsa. Mafarkin bai ɗauke gaba ɗaya ba, amma ya ragu ƙwarai.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masu nazarin barci. Ido kan rufe, kunne da fata ba sa rufewa. Wani masani a Faransa mai suna Alfred Maury, a ƙarni na 19, ya rubuta cewa ya yi dogon mafarki an gurfanar da shi gaban kotun juyin juya halin ƙasarsu, an yanke masa hukunci, an kai shi inda ake fille kai, har ya ji ƙarfen ya sauka a wuyansa. Da ya farka sai ya tarar sandar kan gadonsa ce ta faɗo masa a ƙeya. A 1958 kuma wasu masu bincike a Amurka, Dement da Wolpert, suka riƙa fesa wa masu barci ruwa kaɗan a jiki sannan su tashe su, da dama daga cikinsu suka ce sun ga ruwan sama ko rufi yana yoyo. Mu ma mun san wannan tun muna yara: wanda mararsa ta cika shi ke mafarkin ya sami makewayi.

Aikin dare a ɗakin marasa lafiya ya sa na sha kallon mutane suna barci. Akwai lokacin da za ka ga ƙwayar idon mutum tana kai da komo a ƙarƙashin fatar ido, numfashinsa ya canza, amma jikinsa ya saki laƙwas. A 1953 Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Shikago suka nuna cewa in an tashi mutum a wannan gaɓa, galibi yana tsakiyar mafarki. Gaɓar tana zagayowa kusan kowane minti 90, kuma tana ƙara tsawo in asuba ta gabato, shi ya sa mafarkin goshin asuba ya fi tsawo ya fi zama a rai. A cikinta ƙwaƙwalwa kan kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya ruga da gaske. Wata rahama ce ta Ubangiji. Amma wani lokaci hankali kan farka kafin gaɓoɓin su dawo, sai mutum ya ji shi a farke, ya kasa motsi, ya kasa kira, ƙirji ya yi nauyi, har ya ga kamar wani na tsaye a bakin ƙofa. Dannau ke nan. Ba ya wuce 'yan daƙiƙu zuwa minti ɗaya ko biyu, kuma an san ya fi kama mai ƙarancin barci, da mai barci a yanyanke, da mai kwanciya rigingine, da wanda ke cikin fargaba. Yanzu a duba mutanen ƙauyukanmu da ke barin gida da magariba su kwana a gona ko cikin rafi, su dawo da hantsi. A duba samarin da ke sintiri har gari ya waye. Ba abin mamaki ba ne a ce dannau ya yi yawa a cikinsu, kuma a da, in an ce wa mutum dannau ne ya danne shi, wanda ya tsaya a ƙofa ba shi da kama. Yanzu da bindiga yake tsayawa.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da kan zo in auna masa hawan jini. An ɗauke ɗansa a hanya a 2021, ana cikin cinikin kuɗin fansa sai aka katse layukan waya a duk jihar a watan Satumba. Masu karatu na nan za su tuna yadda mutane suka riƙa shiga mota har Funtuwa don su yi kira ɗaya. Shi ma haka ya yi ta yi, ga buhunan waken suya da ya noma yana ta fitarwa yana sayarwa a wulaƙance. Allah ya sa yaron ya dawo da rai, har ya yi aure. Amma uban ya ce mini, "Hajiya, ni har yau ban gama biya ba." Abin da yake gani shi ne waya tana ƙara a cikin buhun wake. Ya kwance bakin buhu ya zura hannu, yana jin muryar ɗansa tana ce masa Baba, Baba, amma duk abin da ya damƙo sai ya zube ta tsakanin yatsunsa. In ya kai ga wayar, lambobin sai su gangare su zama wake. Wani ya fassara masa cewa za a sake ɗaukar yaron. Mutumin da jininsa ya riga ya hau, a ɗora masa wannan! Ya hana ɗan fita ko kasuwa, har suka fara samun saɓani. Ni abin da na ce masa, "Baba, wannan ba labarin gobe ba ne, labarin jiya ne bai gama fita daga jikinka ba." Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ya girmi wannan fitina ta 'yan bindiga. A 2010 ne aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega. Maza na kawo duwatsun zinariya gida, ana daka su a turmi ana niƙa su a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Yara aƙalla 400 suka rasu. Mun ga jijjiga irin wadda ba mu taɓa gani ba, a yi wa yaro maganin zazzaɓin cizon sauro ya ƙi ji. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka sa aka auna jini kafin a san abin da ake ciki. Daga baya aka bi gida gida ana kankare ƙasar tsakar gida, a kwashe ta a binne a nesa, a zuba sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi mata nata.

A lokacin na san wata mata da ta binne 'ya'ya biyu, na ukun yana kwance ana ba shi maganin da ke fitar da dalma daga jini. Takan tashi tsakar dare ta zauna a bakin gado tana kakkaɓe zanenta. Da muka saba ta ce mini, "Sista, kullum tankaɗe nike." Tana ganin tana tankaɗe garin tuwo, garin yana sauka yana ƙyalli. Ta san kada ta ba yara, amma hannunta ya ƙi tsayawa, yana tuƙawa yana kwashewa yana miƙa musu, su kuwa suna karɓa suna dariya. Daga nan sai ƙasar tsakar gidan ta naɗe, ta ga babu kowa.

Kowa ya ji wannan ya san daga ina ya fito. Ita ce ke daka wa mijinta duwatsun. Ba ta san guba ba ce, ba wanda ya sani a lokacin, amma zuciyar uwa ba ta karɓar wannan uzuri cikin sauƙi. Abin da take buƙata shi ne wanda zai zauna da ita ya ce ba ke kika kashe su ba, kowace rai da ajalinta, kuma ga yadda za ki tsare wanda ya rage. Abin da ta samu a wajen mai duba shi ne, hannun da ta gani ba nata ba ne, na kishiyarta ne, ita ta ci yaran. Kishiyar nan ita ma ta binne nata ɗan a wannan damina. Gidan da ya kamata mata biyu su yi kuka tare sai ya zama ba sa ga maciji, har ɗaya ta bar gidan.

Wannan ne ya sa nake cewa fassarar ganganci ba ƙaramin laifi ba ne. Mun san yadda ake yi in yaro na cikin zafin zazzaɓi yana sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa. Nan take a ce ta kama masa kurwa, a taru a ƙofarta, a tilasta mata ta zo ta tsallake shi. Zazzaɓi mai zafi kan rikita abin da ƙwaƙwalwa ke gani, yaron kuma sunan wadda ya saba gani zai kira, mai sayar masa da ƙosai ko mai ba shi tsoro da sanda. Awowin da aka ɓata a kan tsohuwar su ne awowin da ya kamata a ce allura ta shiga jikinsa. Na ga yaran da aka kawo mana bayan an gama wannan, zazzaɓin ya riga ya hau kai. Na kuma ga tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu ba mai cin abincin hannunsu.

Kada wani ya ce matar nan boko ya ɗebe ta, ta musanta mafarkin gaskiya. Ban musanta ba. Sura guda ta Alƙur'ani an gina ta a kan mafarkin Annabi Yusuf da na abokan zamansa a kurkuku da na sarkin Masar. Hadisi ya inganta cewa mafarki nagari yanki ɗaya ne cikin 46 na annabci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar nan tamu ta Zamfara, shi da kansa ya rubuta yadda aka nuna masa Shaihu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya yana ɗan shekara 40. Girman wannan kashi ne ma ya sa bai dace a riƙa jefa kowane firgici a cikinsa ba.

Kuma mai fama da mugun mafarki ya daina ganin imaninsa ne ya yi rauni, don na ji ana gaya wa mata haka. A Bukhari da Muslim, Abu Salama ya ce yakan yi mafarkin da ke kwantar da shi ciwo, har ya ji sahabi Abu Ƙatada yana cewa shi ma haka yake, sai da ya ji Annabi (SAW) ya koyar da abin yi: a nemi tsarin Allah daga sharrinsa da sharrin Shaiɗan, a yi tofi sau uku. Wasu ruwayoyin sun ƙara da a juya kwanciya, ko a tashi a yi salla. A Muwaɗɗa kuma Khalid ɗan Walid ne, Takobin Allah, ya ce wa Annabi (SAW) ana firgita shi a cikin barci, aka koya masa addu'ar neman tsari da cikakkun kalmomin Allah. Duk sanda na karanta wannan nakan tuna irin filayen daga da mutumin nan ya tsaya a cikinsu. Bai ɓoye ba, kuma ba a ce masa ya ji kunya ba.

Na san za a ce ai an hana ba da labarin mummunan mafarki. Gaskiya ne, kuma masu kira a rediyo ya kamata su fara jin wannan, su da masu amsa musu. Amma a fahimtata, kuma malamai su gyara mini, baza shi a duniya daban, kai kukan rashin barci wurin mai magani daban. Wanda ya yi wata guda ko fiye abu ɗaya na dawo masa, yana tsoron kwanciya, ƙarar babur na sa shi zabura da rana, ya daina cin abinci ko shiga mutane, wannan ciwo ne da likitoci suka sani, kuma yana da magani.

Ɗaya daga cikin magungunan ma ba ƙwaya ba ce. A 2001 wani likita mai suna Barry Krakow da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mata 168 da aka ci wa zarafi, masu fama da mugun mafarki. An koya wa rabinsu su zaɓi mafarki ɗaya da rana tsaka, su canza shi yadda suke so, sannan su riƙa maimaita sabon a zuci na 'yan mintuna kullum. Waɗanda suka yi haka mafarkinsu ya ragu sosai, barcinsu ya gyaru. Na gwada irin wannan da yaron gidana. Da hantsi, bayan ya karya, sai in ce ya ba ni labarin tumakin nan amma da idanunsu biyu, ya kira kowace da sunan da ya sa mata, ya kora su rafi ya dawo da su garke. Da dare kuma uwarsa ta tofa masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ta shafe shi. Ban ga inda ɗaya ya ture ɗaya ba. Sai dai wanda abin ya yi masa tsanani, ko wadda aka keta wa haddi a daji, kada a ce a gida za a yi wannan, a nemi wanda ya koya.

Abin da nake roƙo a guje wa shi ne ƙwayoyin sa barci da ake saya a kemis ba takardar likita. Suna kwantar da mutum daren farko, jiki ya saba, a ƙara yawa, ranar da aka rasa kuma mafarkin ya dawo ya fi na da muni. Haka tiramol da samari ke sha don su iya kwana a tsaye. Matan aure da yawa sun faɗa wannan rami ta ƙofar rashin barci, ba ta ƙofar shashanci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga damuwa mai tsanani zuwa irin wannan firgici. A ɗora wannan a kan jiha mai ƙananan hukumomi 14 da da wuya a nuna wadda ba a taɓa ba. 'Yan matan Jangebe 279 da aka sako a farkon Maris na 2021, duniya ta ga hotunansu a ranar, amma wa ya koma ya tambayi yadda suke kwana? Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ya fi kusa da mu yana Kware a jihar Sakkwato, fiye da kilomita 200 daga Gusau, a kan hanyar da kowa ke bi da addu'a a baki. Matar da ke kwana a kango ba za ta je can ba. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma dokar da ke kan takarda ba ta zama kusa da mai kuka da dare.

Ba sai an jira likitocin ƙwaƙwalwa sun wadata ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da tsarin koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya yadda za su gane irin waɗannan larurori su ba da taimakon farko, su kuma san wanda ya kamata a tura gaba. Ina kira ga ma'aikatar lafiya ta jiha ta ba ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da ungozomomi wannan horo, ta kuma gayyaci limamai da malaman Islamiyya, musamman mata, su zauna a ciki, tunda wurinsu ake fara zuwa. Mu da muka ajiye aiki muna nan da sauran ƙarfinmu, in an kira mu za mu zo. Na sani sarai babu horon da zai hana mutum mafarkin hari matuƙar harin na iya zuwa gobe, wannan kuwa nauyi ne a wuyan masu mulki da jami'an tsaro, Allah zai tambaye su.

Ku kuma 'yan jarida, kuna kawo mana adadin waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, muna godiya. Ina roƙon Edita ya tura wakilai kangwaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba a Gusau, da wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune a Anka, su tambayi mutane yadda darensu yake, su ɓoye sunayensu su buga. A sa mace a cikin wakilan, don akwai abin da matan nan ba za su taɓa gaya wa namiji ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar asibiti mai ritaya,
Gusau, Jihar Zamfara.